Ƙarar da Na Kai Gidan Dutse a Ƙasar Hindu

Ni Uwani 'yar Magaji magini ta Ɗangora, tafiyata ba a Makka ta tsaya ba. Matan ƙasar Kiru da suka taka da ƙafa har Makka suka dawo suna da yawa, ana ce musu Hajiya, madalla. Amma a nuna mini wadda ta ƙetare ruwa na biyu. Lokacin saura 'yan shekaru Turawa su bar mana ƙasa.

A Jidda Malam Isiyaku mijina ya rasu, bayan mun sauke farali. Zazzaɓi ne, bai jima ba. Mun daɗe a hanya, muna yada zango a Sudan muna cirar auduga, a can na tsinci Larabcin da nake ciniki da faɗa da shi. Ya bar ni da tabarma, da tukunya, da 'yata Hansai, 'yar shekara bakwai. Na shiga wankau a unguwar Takari.

Cikin waɗanda nake yi wa wanki akwai wani Ba'indiye mai sayar da yadi, Musulmi, ana ce masa Alhaji Dauda. Matarsa Zubaida ta haihu, jiki ya ƙi daɗi, suna neman mai raino su tafi da ita gida.

Ya ce, "Shekara ɗaya, Hajiya. In jirgin alhazai ya tashi baɗi, ni da kaina zan dawo da ku Jidda in sa ku a hanyar ƙasarku."

Ya dubi alƙibla ya rantse. Mutum ya rantse a wannan ƙasa, me za ka ce? Na naɗe tabarmata.

A jirgin ruwa na san ba ni da ƙarfin da nake taƙama da shi. Kwana da kwanaki ina kwance ina amai, Hansai ce ke goya jaririn tana kawo mini ruwa a gwangwani. Muka sauka Bombai. Na ga Kano ranar kasuwa, na ga Makka ranar hawan Arfa, amma can mutane kamar daga ƙasa suke tsirowa. Wasu suna miƙa hannu suna taɓa kitson Hansai, ina buge hannayen. Daga nan jirgin ƙasa wuni da kwana, sannan amalanken shanu, har wani gari da harshena bai taɓa iya faɗar sunansa daidai ba.

Gidan Dauda hawa uku ne, siriri, a unguwar Musulmi. Kusa da murhu muke kwana ni da Hansai. Ba a barina fita ko ƙofa. Abincinsu ba laifi, barkono kam sun iya, amma ba daddawa, ba kuka, tuwo ko a mafarki. Akwai wata tsohuwa mai jan ɗigo a goshi da take kawo gari. Ran nan ta kwance ƙullinta sai na ga gero. Gero irin namu, na gonar babana. Na damƙa na kai hanci, hawaye suka zubo ban ba su izini ba. Ba ma jin maganar juna, amma daga ranar duk zuwanta sai ta tura mini ɗan ƙulli a ƙarƙashin tabarma. In kowa ya yi barcin rana in kirɓa fura, in dama da nonon ɓauna, mu sha ni da 'yata muna hirar Ɗangora.

Fitata ɗaya ce, saman bene wurin shanya. Daga can nake hango wata hasumiya ta dutse a ɗaya gefen garin, ta fi rimi tsawo, tana tsukewa tana hawa, da tuta a kanta. Safe da yamma ana kaɗa tambura ana busa. Wata rana na ga an fito da wani a kan gado, mutane na ɗauke da shi a kafaɗa, an lulluɓe shi da furanni, ga laima a kansa, ana yi masa fifita da izga, jama'a na zubewa. Na ce a raina, to, ga sarkin garin, ga kuma gidansa. Ban tambayi kowa ba. Ni da na tashi ina kai wa babana abinci in yana yaɓen gidan hakimi, wa zai koya mini gidan sarauta? Na ji ana cewa mutanen ƙasar gumaka suke bauta wa. To ai na san tsafi. Maguzawan wajen Doguwa da Tudun Wada a gindin tsamiya suke yin nasu, ko a kan fa a daji, da 'yar tukunya da gashin kaza. Wa ya taɓa gina wa tsafi soron da ya fi na sarki?

Shekara ta zagayo, jirgin alhazai ya tashi. Dauda ya ce baɗi. Baɗin ta zo, ya ce kasuwa ba kyau.

Sai aka sa bikin babbar 'yarsa, za a kai ta Karachi, wata ƙasa ce daban, sai an ƙetare iyaka. Ana cikin hidima na nemi Hansai na rasa. Na duba sama, na duba ƙasa. Na sami Zubaida tana jera kayan amarya.

Na ce, "Uwar ɗakina, ina Hansai?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tana gidan yayana, ana ɗinka mata kaya. Za ta bi amarya ta riƙa yi mata aiki. Can za ta fi jin daɗi."

"Da izinin wa?"

"Ke abincin wa kike ci?"

"Abincin gumina nake ci, Zubaida. Ɗanki a bayana ya yi wayo."

Ta ce, "Jibi da hantsi jirginsu zai tashi. In kin natsu a kawo ta ku yi sallama."

Ban san gidan yayan ba. Limamin unguwa kuwa kullum a tabarmar Dauda yake cin abinci, Dauda ne ya rufa masa masallaci. Saura sarki. A ƙasarmu ko baiwa ce ta kai kanta zauren sarki ta faɗi, sai an saurare ta. Washegari da safe gida ya cika da 'yan biki, na ɗauki kwandon shara na fita ta ƙofar baya, na ajiye shi a lungu, na sa hasumiyar nan a gaba.

Duk abin da na tarar ya ƙara gaya mini daidai nake. Ga ƙatuwar ƙofa, ga takalma jibge, kowa na tuɓewa. Na tuɓe nawa, na ja mayafi na rufe fuska, na bi ayarin mata. Ga fili shimfiɗe da dutse, ga tafki mai matakala ta kowane gefe, an yanka shi kusurwa huɗu. Ginin kansa a kan dakali yake, ya kai ƙirjina. Jikin bangon kuwa ba inda za ka ɗora tafin hannu ba ka taɓa sassaƙa ba. Layin giwaye a ƙasa kamar su ke ɗauke da gidan, bisansu dawakai da mayaƙa, bisansu mata masu rawa da makaɗa, wasu ma ba sutura, na kau da kai. Ban yi mamaki ba. Na ga mutum-mutumin Turawa a kan doki a Bombai, na ce adon masu mulki ne.

Na hau matakala na shiga zauren farko. Ni 'yar magini ce, ko ina cikin tashin hankali sai da idona ya tafi sama. Ba azara ko ɗaya. Ba tubali, ba laka, ba makuba. Ginshiƙai ne na dutse, kowanne da irin zanensa, suna riƙe da rufi mai zobe cikin zobe kamar an kifa faifai. A tsakiya ga sa na dutse a gurfane, da tozo kamar na Fulanin Bagauda, ya zuba wa ƙofar ciki ido. Kowa ya zo sai ya kaɗa ƙararrawa. Na ce sallamarsu ke nan, ni ma na kaɗa.

Zaure na biyu ya fi ƙanƙanta, ya fi duhu. Haka gidan sarauta yake, daga zaure sai shigifa, daga shigifa sai soron ciki, ana tafiya ana tsukewa. A bakin ƙofar ƙarshe dogarai biyu na dutse, kowanne da kulki. Matan da na biyo suka tsaya daga nesa suka haɗa hannuwa. Na ce su gaisuwa suka zo, ni ƙara na kawo. Na ratsa su. Ƙamshin man shanu da turare ya buge ni. Na taka dokin ƙofar, na durƙusa, kaina a sunkuye, na ɗaga murya da Hausa, don a wannan lokacin Larabcin ya gudu.

"Ranka ya daɗe. Allah ya ja zamanin sarki. Baƙuwa ce, marainiya aka ƙwace mini."

Tamburan suka tsaya. Na jira a ce an gaishe ki, ba wanda ya ce. Sai na ɗago.

Ɗaki ne ɗan ƙarami, ba taga. Fitilu na ci. A tsakiya baƙin dutse ne, mulmulalle, kamar guntun taɓarya a tsaye cikin turmi mai baki, an zuba masa madara tana gangarowa. A gefensa wani mutum ba riga, da zare a ratse a ƙirjinsa, yana riƙe da tiren wuta, bakinsa a buɗe.

Na ce, "A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim." Da ƙarfi na faɗa, mayafina ya zame.

Ba su jin Hausa, amma wannan sun san ta. Wata mata ta ƙwalla ƙara. Aka fizgo ni ta baya, gwiwata ta daki ƙafar dogarin dutse. Ban san yadda na ratsa zaurukan ba, na dai tsinci kaina a ƙasan matakala, maza sun kewaye ni, wani ya ɗaga gora. Ina kallon gorar ina cewa a raina, gobe da hantsi, gobe da hantsi, wa zai gaya wa Hansai inda na mutu.

Sai wani ya faɗo tsakaninmu daga kan tsanin gora da aka kafa a jikin bango. Tsoho ne, siriri, fari fat da garin dutse, da guduma a hannu. Ya yi musu magana da kakkausar murya, ya juyo ya ce mini da Larabci, "Ke 'yar Takari ce?"

Rabona da jin Larabci a bakin wanda ba mutanen gidan Dauda ba tun Jidda. Na ce, "Ni ce."

"Tashi ki bi bayana. Kar ki gudu. Kar ki sake faɗar abin da kika faɗa."

Ya kai ni wata rumfa a bayan ginin inda suke sassaƙa, ya zaunar da ni tsakanin duwatsu, shi ya zauna a bakin rumfar da gudumarsa a cinya. Sunansa ya fi ƙarfin bakina, Mai Guduma nake ce masa. A Adan ta ƙasar Larabawa ya yi aikin gini yana saurayi, can ya sami Larabci. Na gaya masa komai. Da na zo kan zancen sarkin da na zo nema sai ya rufe ido.

Ya ce, "An tafi kiran dattawa da maigidanki. Ki roƙi Ubangijinki su riga samarin can yanke shawara."

Ina jin hayaniya tana ƙaruwa a bakin ƙofa. Na ce, "Duk wannan don na taka ɗaki?"

Ya nuna mini bango da ƙarfen sassaƙarsa. "Dubi fuskokin can." Na duba. Layi guda na masu rawa, duk an farfashe musu hanci da hannuwa. "Rundunar wani sarki Musulmi ce ta yi wannan, tun zamanin kakannin kakanni. Ba a manta ba. Kwanan baya kuma da aka raba ƙasa, an yi yanka a garin nan, mu da Musulmi. In samarin nan suka ce turo ki aka yi, yau unguwarku za ta ci wuta."

Unguwarmu. Gidan yayan Zubaida ma a can yake. Na miƙe, ya ce in zauna. Ina jin don ya riƙe ni ne ya shiga ba ni labarin gidan, idonsa na kan hanya.

Ya ce wani sarki ne ya fara shi, shekara ɗari bakwai ko takwas, bai ga ƙarshensa ba, ɗansa ma bai gani ba, sai jika. Kakannin shi Mai Guduma ne suka sassaƙa, zuriyarsu ce kuma ke gyara har yau. Ɗan ɗakin nan mai duhu aka fara kafawa, sauran duk dominsa aka yi su. Ƙololuwar hasumiya daidai kan baƙin dutsen take, in ka saki igiya daga sama a kansa za ta sauka.

Na ce, "Da me aka haɗa duwatsun? Ban ga laka ba."

"Ba komai. Nauyi ne, da tsagi, wannan ya shiga cikin wancan. Wani wurin da ƙarfe."

"Na sama fa, wa ya ɗora su?"

"Tudun ƙasa aka tara har sama, shanu da giwaye suka ja. Da aka gama aka kwashe ƙasar."

Na ce, "Babana da hannu ake jefa masa tubali yana cafewa. Amma duk damina sai ya koma yaɓe."

Ya ce, "To ya fi mu samun aiki."

Na leƙa ta gefen rumfa, sai na ga mata a jere da tuluna daga tafki, suna wanke matakala, suna wanke duk inda na taka. Ni Uwani, da na yi wanka na yi alwala kafin in fito. Wannan ya fi gorar yi mini ciwo, har yau kuma ban huce ba.

Rana ta take tsaka aka kira mu. Dattawa biyar suna zaune a inuwar babbar ƙofa, jama'a ta cika titi a bayansu. Ga Alhaji Dauda a tsaye da kayan biki, gumi ya jiƙa shi har gwiwa, yana haɗa hannuwa yana magana da sauri. Mai Guduma yana juya mini a kunne.

"Ya ce mahaukaciya ce ke. Ya ce zai biya kuɗin tsarkake gidan, zai kulle ki a ɗaki. Rumfarsa ta kasuwa a filin gidan nan take, shi ya sa kika ga yana rawa."

Dattawa suka yi shawara. Suka ce ba kullewa ba, kafin rana ta faɗi in bar garin, kar a sake ganina. Dauda ya ce ya ji ya yarda. Har ya miƙo hannu zai ja ni.

Sai na zauna. A ƙasa, a tsakiyar ƙofar, na miƙe ƙafafuna.

Na ce wa Mai Guduma, "Gaya musu ba inda za ni sai da 'yata. In kashe ni za su yi su kashe ni a nan, matan can su ƙaro ruwa."

Ya ce, "Hajiya, an ba ki ranki. Karɓi."

"Faɗa musu yadda na faɗa."

"Ba zan faɗi ta ruwan ba."

"To faɗi sauran."

Ya faɗa. Titi ya ɗauki guna-guni, wani dutse ya faɗo kusa da ƙafata. Ban janye ta ba, ba don jarumta ba, ƙafar ce ta ƙi motsi. Babban dattijon, mai farin gashin baki, ya ɗaga hannu. Ya tambayi wace 'ya. Ya tambayi abin da ya shigo da ni. Mai Guduma ya yi bayani mai tsawo, na ga yana nuna ƙofa, yana nuna zaure, yana nuna dogaran dutse, ya durƙusa yadda na yi. Wani cikin dattawan ya yi dariya. Babban bai yi ba. Ya dube ni, ya yi magana a hankali.

Mai Guduma ya ce, "Ya ce ba ki ɓata hanya ba, gidan sarki ne, haka aka gina shi. Ya ce ba su so shigarki ba, kuma ba za ki sake shiga ba. Amma ƙara ta riga ta shiga ciki, ba su da ikon fito da ita ba a amsa ba."

Na ce, "Ni dai ban kai wa dutse ƙara ba. Sarki na zo nema."

"Wannan ma ba zan faɗa ba."

Dattijon ya juya ga Dauda, ya yi masa tambaya ɗaya. Dauda ya fara kawo zancen biki, da surukai, da alkawarin da aka yi musu. Dattijon ya waiwaya ya dubi titi, ya dubi Dauda. Dauda ma ya dubi titin. Ya tafi da mutum biyu a bayansa.

Wannan jiran ya fi na rumfa tsawo. Inuwar hasumiya ta bar kan dakali ta sauko fili, ta ratsa tafki, tana matsowa. Ina tunanin ko ya fitar da ita ta wata hanya ya kai tasha. Ko Zubaida ta ɓoye ta ta ce ta gudu. Mai Guduma ya kawo mini ruwa, ya zuba mini a tafin hannu daga sama don kar bakina ya taɓa butarsa. Na sha. La'asar ta yi, na yi taimama a wurin na yi sallata a zaune, ba wanda ya hana ni. Daga baya na tambayi wani malami a Madina hukuncin durƙuson da na yi, ya ce goshina ya taɓa ƙasa? Na ce Allah ya kiyaye. Ya ce to in je, niyya ake dubawa.

Rana ta yi ja sai jama'a ta dare. Amalanke ne, da tabarmata a kai da tukunyata. Dattawa sun sa Dauda ya haɗa mu da wani mai kai alhazai Bombai, ya biya jirgi har Jidda a gabansu. A bayan amalanken ga wata yarinya cikin jan zanen Indiya, an tsefe mata kitso an shafe kan da mai, an huda mata hanci. Sai da ta diro ta rugo na gane tafiyar.

Na kama ta na juya ta gaba da baya, na duba hannu, na duba ƙafa, na buɗe bakinta. Lafiya lau, sai hancin da ya kumbura. Na ɗora ta a amalanke na hau. Na nemi Mai Guduma in yi masa godiya, har ya koma kan tsaninsa, ya ba mu baya.

Sai da muka bar gari, shanu suka kama hanyar tasha, sannan Hansai ta saki zanena. Hausarta ta fara karyewa, tana laluben kalmomi.

Ta ce, "Inna, wai gidan gunki kika shiga?"

"Na shiga."

"Har ciki?"

"Har ƙurya."

"Me kika gani?"

Na ce, "Dutse. Juyo nan in cire miki wannan abin na hanci."